Abin da Ruwa Ya Ɓare a Bangonmu

Haenam, 12 ga Satumba, 1988

Zuwa ga ɗana Gi-cheol,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka da jikar da a hoto kawai na santa. Mu ma lafiya, in ka cire ƙuguna.

Ubanka injiniya, wato ni, ya hau rufi gyaran eriya, ƙafarsa ta burma. Uwarka ta ce da kan ne ya shige, da ba a yi asarar komai ba. Washegari ruwa ya sauko, bangon ɗakinka ya jiƙe, takardar ado ta ɓare. Sai ga jaridun da ke ƙarƙashi, na Mayun 1980. Da hannuna na shafa musu ƙullu.

Ka san karatuna, aji uku, da yatsa nake bin layi. Na tsaya na bi, ga abin da suka rubuta. 'Yan tarzoma sun kama birnin Gwangju. Sojoji sun yi haƙuri, sun dawo da doka. Har da hoton soja yana sharar titi. A hannuna kuma ga jaridar jiya, wadda na zo toshe ramin da ita, gidan jarida ɗaya. Yanzu cewa take soja ne ya goya ƙasar har ta kai ga zaɓe, a bar tone-tone. 'Yan tarzoman sun koma “waɗanda abin ya shafa”. Wane abin? Shiru. 

Amma ƙyamar da na ji ba tasu kaɗai ba ce. Ka tuna ranar da ka dawo daga Gwangju a ƙafa da takalmi ɗaya, ka ce a gabanka soja ya harbe abokinka Yong-bae? Na naɗe jaridar nan na make maka baki, na ce masu digiri sun rubuta, kai wane ne? Sannan na manna ta a ɗakinka, wai ka koyi hankali. Shekara takwas ke nan ba ka taka gidan nan ba.

Uwarka ta ce, “Tsoho, rufe ƙazantar nan mana!” Na hana. Kullum da safe nake zuwa in tsaya a gaban jaridar, ɗalibi mai furfura.

Chuseok, bikin kaka da ake ziyartar kaburbura, saura kwana goma sha uku. Ina so in je kabarin Yong-bae, in zuba masa giyar shinkafa, in sa goshi a ƙasa. Na san babba ba ya durƙusa wa yaro. Wannan babban zai durƙusa, ko ƙugun ya ƙarasa. Sai dai ban san inda aka sa shi ba, jarida kuwa ba ta faɗa ba. Kai ka sani.

Ka zo ka kai ni. In ba za ka yi mini magana ba, ba komai, nuna mini da yatsa. Da shi na saba karatu.

Uwarka tana gaishe ku.

Ubanka mai karkataccen ƙugu,
Pyo Man-deok