Koriyar Takarda a Jikin Zana

Litinin, 14 ga Janairu, 1957

Sankira ya zagaya Sabon Garin Maradi da hantsi, wai kowa ya je a rubuta sunansa, maza da mata, za a zaɓi konseye, masu zama majalisa a Yamai su yi magana da bakin ƙasarmu. Ina kan keke ina ɗinka wando, sai allura ta karye. Ban san na taka da ƙarfi ba.

Rubuta suna! Rabon gidanmu da rubuta suna tun shekarar da aka rubuta na babana, aka tafi da shi aikin hanya, ya dawo da tarin da ya kai shi kushewa. Sun ce wannan ba irin wancan ba ne. Haka suke cewa kullum.

Matata Zuliha ta yi mini dariya, ta ce ko inuwata ta yi tari sai na zabura. Ba ta yi ƙarya ba.

Alhamis, 17 ga Janairu

Na tafi Jiratawa, ƙauyenmu, don can sunana yake tare da na Dada, uwata. Magatakardan ofishin Nasara yana zaune a rumfa da katon littafi, gardi, ɗan sandansu, yana tsaye bayansa da bulala. Sai da aka tambaye ni sunana aka sake tambaya. Tanimu kawai, abin da na tashi da shi, ya gagare ni.

Dada kuwa ko a jikinta. Aka tambaye ta shekarunta, ta ce, "Ka tambayi kukar bakin gari, tare muka girma." Aka ce sunan mijinta, ta kau da kai, ta nuna ni da haɓa: "Tela, hwaɗi masa." Ni ma ba ta taɓa kiran sunana ba, ɗan fari ne. Aka ba mu kati, ta ƙulle nata a bakin zane.

Muka biya garka. Albasa ta yi kyau bana, ma sha Allah. Wannan ɗan fili na bakin Gulbi da rijiyarsa da jigonsa shi ne cin Dada da shanta, mu ma in ɗinki ya yi sanyi daga nan ake aiko mana. Kuma aro ne. Tun zamanin babana aro ne daga hannun Alhaji Maidawa.

Lahadi, 10 ga Fabrairu

An ji masu tsayawa a yankinmu. Mutum biyu.

Alhaji Abdu Maidawa, mai sayen gyaɗa, mai fadamar da garkarmu ke ciki.

Da Malam Idirisa, malamin asibiti. Shi ne bara waccan, da sanƙarau ya kama ɗiyata Saudatu wuyanta ya sandare, ya riƙa zuwa a kan kekensa yana yi mata allura har ta miƙe. Ko goro bai karɓa ba.

Gaba kura, baya siyaki. Ni dai me na yi wa Nasara da zai kawo mini wannan?

Laraba, 27 ga Fabrairu

Kasuwar Tsibiri, na kai ƴan riguna. Ba a zancen komi sai zaɓe. Wani mai gishiri ya rantse wai akwatin yana da madubi a ciki, kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, yana ganin fuskar kowa da abin da ya jefa. Wani ya ce ƙarya ne, sansana takardar ake yi. Aka yi ta dariya, na taya su. Da na kama hanyar gida sai na ga ina ta waiwaye.

Juma'a, 15 ga Maris

Jibo, baran Alhaji, ya zo shago bayan an sauko masallaci. Ya cika ƙofar da jikinsa, duhu ya rufe mini ɗinki. Ya ɗauki almakashina yana yanke farce da shi.

Shi ya koya mini yadda ake yi. Za a ba ka takarda biyu da ƴar jakar takarda. Rawaya ta Alhaji, koriya ta Malam Idirisa. Ka shiga ɗan ɗakin zana kai kaɗai, ka sa guda a jaka, ka fito ka jefa a akwati. Wadda ta rage, akwai kwando a ciki da ake yar da ita.

"Amma ku mutanen fadama ba za ku yar ba," in ji shi. "Ina gindin tsamiya bisa hanya. Kowa shi kawo mini koriya tasa a hannu. Wanda ya zo hannu banza, to ya sa ta akwati ke nan, sai shi nemi inda za shi dasa albasa baɗi."

Na ce to. Na ce to har ya fita ina cewa to.

Ashe ba a bukatar madubi.

Asabar, 16 ga Maris

Na ture kwanon tuwo, na koma kan ɗinki.

Talata, 19 ga Maris

Malam Idirisa ya wuce ta ƙofar shago a kan kekensa, ya tsaya ya dafa ƙasa da ƙafa ɗaya. "Tela, ina ƴar mutuniyata? Wuyan ya saki sarai?" Na ce ya saki. Ya ce a riƙa ba ta ruwa da yawa, zafi ya shigo. Ya tafi.

Ko kalma ɗaya bai yi mini ba a kan zaɓe. Da ya roƙe ni da na fi samun sauƙi, wallahi.

Lahadi, 24 ga Maris

Na je na gaya wa Dada duk abin da Jibo ya faɗa. Na roƙe ta, na ce, "Dada, don Allah ki sa rawaya, ki miƙa masa koriya, ki wuce. Kada ki ce masa uffan."

Tana tsinkar yakuwa, ta ce, "Na jiya."

Wannan "na jiya", wai ta ji ke nan, ita ta fi damuna. Dada ba ta taɓa jin magana ta bar ta ta kwana a cikinta ba. Abin da aka faɗa mata da safe, kafin azahar ya kai bakin rijiya.

Ta tambaye ni mene ne a rubuce jikin takardun. Na ce sunayensu ne kawai. Ta ce, "Hmm."

Asabar, 30 ga Maris

Gobe ne. Na ɗinka wa mutum hannun riga a baibai, na warware. Zuliha ta ce ita nan Maradi za ta jefa tata, kuma babu mai jiranta a gindin tsamiya. Na ji haushinta, ban san dalili ba.

Lahadi, 31 ga Maris

Bari in rubuta tun ban manta ba.

An kafa ɗakin zanar a filin bakin gari. Layin mata dabam, na maza dabam, rana kamar ta fasa kai. Can nesa kaɗan Jibo yana gindin tsamiya, zaune a kan buhu. Duk wanda ya miƙa masa koriya, sai ya ɗaga gindi ya cusa ta cikin buhun ya koma ya zauna.

Dada tana cikin na farko. Na ga ta shiga, ta daɗe, ta fito, ta jefa. Ta kama hanya tana dogara sandarta. Jibo ya miƙa hannu.

"Mi zan ba ka?" Har layinmu ana jin muryarta.

Ya ce takardar.

"Takardar da ke da sunan Annabi Idirisa zan ba ka ka zauna a kai? Kai ɗan nan, ba ka tsoron Allah? Waccan kuma Abdullahi ne jikinta. Wadda ta rage mini, ko kwandonsu ban sa ta ba, ƙasa yake. Na soke ta sama jikin zana, inda ƙafa ba ta kai."

Innalillahi. 

Gaskiya ne, haka muka tashi. Ko a hanya ka ga takarda mai rubutu, ka ɗauka ka soke ta a katanga ko a jinka, don kada a taka sunan Allah. Kowa ya sani, tsoro ne ya mantar da mu. Sai salati ya tashi a layin mata. Tsofaffin maza suka fara a'uziyya. Jibo ya yi zumbur ya tashi daga kan buhun, amma aikin gama ya gama. Daga nan wasu su miƙa masa, wasu su wuce suna kaɗa kai. Na ga Hamidu, maƙwabcin garkarmu, mutumin da ko kaza ba ya iya kora, ya wuce hannu banza yana ba Jibo haƙuri.

Sai wajen azahar layi ya zo kaina. Na shiga, na saki labule.

Zanar nan cike take. Daga daidai kafaɗa zuwa sama, takardu a soke, rawaya da koriya, kamar an yi shanya. Kwando babu komi.

Na tsaya da takarduna biyu, gumi yana ɗiga a kansu. Ban taɓa zama ni kaɗai haka ba, da mutane kewaye da ni kuma babu mai ganina. Na tuna Saudatu kwance ido a kafe. Na tuna Dada ba garka. Gardi ya buga sanda a waje, ya ce a yi sauri.

Na sa koriya a jaka. Na soke rawayata a zana. Sannan na zaro koriyar wani daga sama, na dunƙule ta a hannu.

Na jefa, na je gindin tsamiya, na miƙa wa Jibo. Ya duba, ya ce, "Kai ka san ciwon kanka, ba kamar tsohuwarka ba."

Da na juya, Dada tana tsaye bakin hanya tana kallona. Ba ta ce komi ba. Dada! Ba ta ce komi ba.

Laraba, 3 ga Afrilu

An ɗauki azumi jiya. Alhaji ya ci zaɓe, ana ta kiɗa a ƙofar gidansa. Amma an ce akwatin Jiratawa koriya ta yi yawa, har ransa ya ɓaci. Duk takun da na ji a ƙofar shago sai in ɗauka Jibo ne, wai ya gane.

Asabar, 6 ga Afrilu

An yanke. Duk gidan da maigida ya kawo koriya, garkarsa tana nan, an yafe wa tsofaffin gidan. Tamu ta tsira. Wanda bai kawo ba, ya kwashe albasarsa ya bar wurin.

Hamidu yana ciki. An ce ya je ya durƙusa yana rantsuwa da azumin bakinsa cewa rawaya ya jefa, koriyar ce ya soke a zana don tsoron zunubi. Jibo ya ce to ina take? Ƴaƴansa duk ƙanana ne.

Wadda na zaro tana sama sosai, ta ɓangaren dama. Hamidu dogo ne.

Ba lalle ba ne tasa ce. Takardu sun yi yawa. Ba lalle ba ne.

Na aika wa Dada da dabino da sukari na buɗa-baki, ta mayar da su. Wai a ce wa Tela bakinta ba ya son zaƙi.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Na tafi Jiratawa da sassafe, na tarar da ita a garka tana fama da jigo. Na karɓa, ta bar mini ba tare da ta dube ni ba. Na ja ruwa na ja ruwa, yana bin kwari. Can ta ce, "Ubanka da igiya aka ja shi. Kai da ƙafarka ka tahi."

Ban yi niyya ba, wallahi. Na dai ji bakina yana cewa, "Dada, wadda na ba shi ba tawa ba ce. Tawa tana cikin akwati."

"Ta wa ce?"

"Daga zana na zaro."

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa. Sai ta kama baki tana dariya har hawaye, ta ce, "Ashe ɓarawo na haihwa, ina zaton ɗan akuya!" Dariyar ba ta daɗe ba. Ta juya ta kalli garkar Hamidu, an riga an kwashe, ƙasa ta fara tsagewa.

Na ce mata na sani, kada ta faɗa.

Yanzu ga shi na ba mai bakin da ya fi na kowa a Jiratawa maganar da za ta iya raba mu da garka. Ta ce ba za ta gaya wa kowa ba. Na jiya.

Kafin rana ta yi zafi na je gidan Hamidu, na ce ya zo ya kama rabin garkarmu na yamma, rijiyar ta ishe mu. Ya ce Alhaji fa? Na ce ƙwadago na ɗauke shi, ko an hana tela ɗaukar ɗan ƙwadago? Ban gaya masa sauran ba. Muna tsaye muna gwada iyaka da ƙafa, sai ga Jibo a kan hanya. Ya tsaya ya daɗe yana kallonmu.

Na gaishe shi. Ban tsuguna ba kamar yadda na saba, amma wannan gwiwa ce, tun safe nake jan ruwa da azumi.