An Yi wa Babana Sakiya, Ya Ce Magani Ya Ƙare

Anti Altine, don Allah ki taimake ni da shawara, domin na rasa wanda zan gaya wa wannan magana a gidanmu ba tare da an ce na yi rashin kunya ba.

Ni 'yar Zuru ce, bana na gama jami'a, ina zaune a gida ina jiran kiran bautar ƙasa. Ilimin ƙwayoyin cuta na karanta. Ba likita ba ce ni, kuma ina so ki riƙe wannan, saboda a gida an ɗauka duk wanda ya taɓa sa farar riga ya san komai, sai ranar da ya faɗi abin da ba a so a ji, ranar ce ake tuna cewa yaro ne.

Mahaifina tsohon soja ne, tun da ya yi ritaya ya koma noman dawa a Manga. Ya daɗe da ciwon hanta nau'in B. A ƙarshen watan Agusta muka kai shi wani babban asibiti a Sakkwato, ni da yayansa Baba Lawwali. Bayan hoto da gwajin jini, likitan ya kira mu gefe ya ce akwai ƙari guda ɗaya a hantar, na ciwon daji, faɗinsa santimita biyu da ɗigo shida. Ya ce mun yi sa'a, don yawancin masu zuwa sai ciki ya kumbura suke zuwa. Hantar Baba ta yi taurin da ba za a so a yanka ba, amma akwai wata hanya: a soka siririyar allura ta fata har cikin ƙarin, ana kallo a na'urar hoto, bakin allurar ya yi zafin da zai kashe ƙarin a inda yake. Ya ce wannan aiki ya fi ci idan ƙarin bai wuce santimita uku ba, kuma sai an tura mu wani asibiti mai nisa da ke da na'urar. Idan muka yi jinkiri ya girma ko ya bazu, abin da zai rage shi ne magungunan da ake sawa ta jijiya don su tayar da garkuwar jiki ta yaƙi cutar. Na tambaye shi ko su suna warkarwa. Ya ce sukan ƙara wa wasu lokaci, ba kowa suke yi wa aiki ba, kuma da wuya su kawar da ita gaba ɗaya.

Kafin mu koma wurin Baba, Baba Lawwali ya riƙe hannuna a baranda ya ce kada sunan ciwon nan ya fito daga bakina. Yayarsu, Gwaggo Hassana, ranar da aka faɗa mata tana da shi ta daina cin abinci, ba ta yi wata biyu ba. Ya ce shi ya ga wannan da idonsa, ba zai sake gani ba. Sai aka gaya wa Baba kumburi ne kawai, za a gasa shi da zafi idan an samu sarari.

To Anti, a nan abin ya lalace. Baba Lawwali ya zauna ya yi lissafinsa: in dai zafi ne magani, ai mu ma muna da zafi a gida tun kaka da kakanni. Ya kira Maharazu wanzami, wanda shi ya yi wa yayyena kaciya, aka sa ƙarfe a wuta aka yi wa Baba sakiya uku a haƙarƙarin dama. Ina kasuwa aka yi. Da na dawo na ji ƙaurin a zaure, na ce wa Baba Lawwali wannan zafin a fata ya tsaya, ƙarin kuwa yana can ciki. Ya ce mini, ɗiyata, zafi dai zafi ne, na asibiti da na maƙera duk wuta ce uwarsu. Inna ta harare ni.

Yanzu Baba ya ce ya ji sauƙi, magani ya ƙare, in ma akwai sauran zuwa asibiti sai an shigar da dawa rumbu. Girbi kuwa sai ƙarshen Nuwamba ko Disamba. Ni ce nake wanke masa miki safe da yamma, yana tsokanata wai digirina ya ƙare a shafa magani. Ina dariya, hannuna na kan daidai inda abin yake, kuma ban san ko nawa ya kai yau ba. Na karanta cewa wani yakan yi saurin girma, wani a hankali, babu mai iya faɗa sai an sake hoto. Tsakanin biyu da ɗigo shida da uku, ko faɗin ƙwayar dawa bai kai ba sosai.

Yayana Muntasir soja ne, yana can bakin daga, waya ma sai an yi dace. Da na same shi ya ce in bi manya. Baba da kansa ya taɓa tambayata me takardar asibitin ta ce, tunda ni ce mai karatu, na ce kumburi ne kamar yadda aka faɗa. Ya kalle ni bai ce komai ba. Satin da ya wuce ya ɗauke ni a babur zuwa Manga, ya zaga da ni gonar yana nuna mini ɗorawa da kaɗanyar da ke kan iyaka, abin da bai taɓa yi da ni ba.

Idan na faɗa masa ya karaya kamar Gwaggo Hassana, dangi za su ce ni na kashe shi, kuma wataƙila ni ma in yarda. Idan na yi shiru har kaka ta wuce, ni kaɗai ce a gidan na san abin da shirun ya ci. Yaya zan yi?

'Yar Tsohon Soja, daga Zuru

AMSA

'Yata, sannu. Kayan da kika ɗauka ya fi ƙarfin kai ɗaya, kuma abu na farko shi ne ki daina ɗaukarsa ke kaɗai.

Kada ki ɗauki Baba Lawwali abokin gaba. Mutum ne da ya binne yayarsa, yana tsoron binne ƙanensa, ya yi abin da ya sani. Tsoronsa yana da tushe, domin akwai waɗanda mummunan labari ke kayarwa, musamman idan an jefa musu shi babu shiri. Amma ɓoyewa tana da amfani ne idan babu abin da za a iya yi. A nan akwai abin yi, kuma yana da wa'adi. Mahaifinki ya zaɓi dawa a kan asibiti ne don an ce masa kumburi ne. Ba shi ya yi wannan zaɓi ba, ku kuka yi masa.

Ki fara da Inna, ku biyu a ɗaki, ki yi mata bayanin santimita ukun nan da yatsa, ba da Turanci ba. Sannan ku je wurin Baba Lawwali a gidansa, ba a gaban mutane ba, kuma kada ki ce sakiyarsa wauta ce. Ki ce an yi ta gida, saura a je a gani a hoto ko ta isa ciki. Wannan zai ji kunyar ƙin sa. Ki kira likitan ki sa su yi magana kai tsaye, domin abin da babba ba zai karɓa daga bakin 'yar ƙanensa ba, yakan karɓa daga bakin baƙo. Dawa kuma ba hujja ba ce. Ki roƙi Baba Lawwali ya kira gayya idan ta nuna, shi ya tsaya a kai. Ki ba shi aikin da zai taimaki ƙanensa da shi, zai fi sauƙin sakin ɓoye masa gaskiyar.

Idan mako ya zagayo bai yarda ba, ki gaya masa cikin ladabi cewa ba za ki ƙara yi wa mahaifinki ƙarya ba idan ya tambaye ki. Ba sai ke kika furta sunan ciwon ba. Ki ce, Baba, akwai maganar da likita yake so ya yi da kai da kanka, kuma ba ta jiran kaka. A can wurin likita a tambayi mahaifinki iya abin da yake son sani. Kafin nan kada a ƙara sakiya, kada a ba shi jiƙo ko sassaƙe, don hanta ce ke wahalar tace su. Ku ma 'yan gidan ku yi gwajin ciwon hantar, wanda ba ya da shi ya yi rigakafi.

Ba zan yi miki alkawarin da likita bai yi ba. Mai yiwuwa hoto ya nuna akwai sauran lokaci, mai yiwuwa ya nuna an makara, sai a zauna a yi maganar maganin garkuwar jiki da abin da zai iya da wanda ba zai iya ba. Ko wanne ne, ba ke kika sa masa ciwon ba.

Sai dai ki sake karanta wasiƙarki. Mutumin da ya tambaye ki takarda ya yi shiru, sannan ya ɗauke ki ya nuna miki iyakar gonarsa, bai yarda kumburi ne ba. Ina jin ya daɗe da zargi, yana ɓoye muku kamar yadda kuke ɓoye masa, kuma yana shirin tafiya alhali wataƙila akwai hanyar zama da ba a gaya masa ba. Ki gaya masa akwai ta.

Allah ya ba shi lafiya, ya sa shi zai ci dawar bana da ta baɗi, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Anti Altine