Rabin Labarin da Na Ba Ka a Gindin Goruba

Zuwa ga Yayana Bukar, duk inda wannan ta same ka a ƙasar Faransa, can tsallaken iyakarmu ta arewa.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Baba yana nan, Inna tana nan, matarka Yagana da 'yarku ma suna nan. Ban ce suna gaishe ka ba, domin a cikinsu babu wanda ya san ina wannan rubutu.

Na san za ka yi mamakin ganin maganata a jarida, ni da ko sallamar baƙo ba na iya amsawa sai na laɓe bayan Inna. Ban san garin da kake ba. Wani ya ce an gan ka wajen masu haƙar kanwa, wani ya ce kana ɗinkin koma a bakin wani tafki can arewa. Amma a gidan Gwaggo na nan Nguru, inda na sauka daga makaranta, ina ganin fataken kanwa suna sayen tsohuwar jarida suna naɗe shayi da sukari in za su koma da raƙumansu. Shi ne na ce ko Allah zai sa wannan shafi ya tsallaka iyaka, ya faɗa hannun wanda ya san ka. Ban sa sunan garinmu ba, ban sa na hakiminmu ba. Wanda abin ya shafa zai gane.

Ga abin da ya sa na rubuto. Shekaranjiya Kawu ya zo daga kasuwar Gashuwa da labari, wai hakimi ya ba wani bafatake takarda mai hatimi ya kai maka. Wai ya yafe, ka dawo gida kafin buɗe tafki na bana, ba wanda zai taɓa ka. Inna har ta sayi sabuwar tabarma. Yagana ta ƙunsa lalle, karo na farko tun tafiyarka.

Kafin ka amsa wannan takarda, Yaya, akwai abin da na ɓoye maka shekara guda cur.

Ka tuna hutun da na zo gida da sanyi, na same ka a gindin gorubar bayan gida kana gyaran koma? Ranka a ɓace yake ran nan. Tun da kogi ya canja hanya bayan babbar ambaliya, tafkinmu ya zama yana tsakanin ruwa biyu, mutanen tsallake suna cewa nasu ne. Kowace bazara hakimi sai ya aiko a tura samarinku da kulake ku tsare iyaka, a farfasa muku kai. In kun tsare kuma, bayinsa su shiga su yi kwana uku suna kwasar ragon ruwa da manyan tarwaɗa, tun kafin Baba, da yake Bulama mai garinmu, ya jefa goran kamun kifi na farko kamar yadda aka gada. Ku sai ku sami laka da 'ya'yan karfasa.

Ni kuwa ba ni da abin da zan ba ka sai labari. Ka san halina. A makaranta, in 'yan'uwana suna gaɗa, ni ina bayan ɗakin ajiya da ƙananan littattafan soyayyar nan na Turanci da malamarmu ke ara mini, waɗanda a cikinsu duk wanda ya hau doki ya tafi sai ya dawo, kuma ya tarar ana jiransa. Kana tsokanata da cewa, "Falmata, ke ko tuwo kike tuƙawa rabinki yana Ingila."

To ran nan Ingilar na kawo maka. Na ba ka labarin da aka koya mana a darasin tarihi: wani sarkinsu na dā can, mai ƙwace gonaki da gidaje, mai karɓe 'ya'yan hakimansa ya riƙe don kada iyayensu su motsa, mai tura mutane yaƙi a kan iyakoki ba ya shawara da kowa. Na ce maka hakimansa na arewa, waɗanda su ne kullum a bakin iyaka suna shan sara, su suka fara cewa a'a. Suka haɗa kai da sauran, suka rubuta sharuɗɗa, suka tsare shi a wata fadama a bakin kogi, ba su bar shi ya tashi ba sai da aka buga hatiminsa.

Wallahi da nake faɗi, fadamarmu nake gani. Ciyawarmu, balbelunmu, har da kukar nan ta mashigi. Na ƙara gishiri ma, na sa musu tutoci da 'yan mata suna leƙe ta tagogi, abin da babu shi a darasin.

Ka ajiye allurar koma ka dube ni, irin duban da ba ka taɓa yi mini ba, kamar ni ma mutum ce babba. Ka ce, "Ashe har Bature ya taɓa tanƙwara sarkinsa da takarda?" Na ce ƙwarai. Ka ce, "Daga nan fa?" Na ce daga nan shi ke nan, aka zauna lafiya.

Yaya, ban sani ba. A nan aka buga ƙararrawa, a nan zangon karatu ya ƙare, malama ta rufe littafi. Ni na ƙarasa shi da kaina, yadda littattafaina ke ƙarewa.

Sauran ka fi ni sani. Kai ka zagaya ƙauyuka shida a kan baƙin jakin nan, ka shawo kan bulamansu. Ni kuma na rubuta takardar, saboda ka ce hannuna ya fi na magatakarda kyau. Sharaɗi uku: kada kowa ya shiga tafki kafin a jefa goran farko, kada a tura kowa iyaka sai an ji ta bakin bulamai, kada a tuɓe Bulama sai an kai shi gaban alƙali. Na ja layi da jan tawada a ƙarƙashin kowanne. Har zanen ganye na yi a kusurwa, kai kuwa ka yi ta dariya. Baba bai hana ba, bai kuma yarda ba. Abin da ya ce kawai, "Ruwa da kada ba a raba su da alƙalami."

Na koma makaranta ina jin kaina kamar wata a cikin littafi.

Ranar farko ta darasin tarihi malama ta buɗe daidai inda ta tsaya. Ta ce ba a yi wata uku ba sarkin nan ya warware. Ya aika wa shugaban addininsu, aka ce takardar tilas ce, ba ta ɗaure kowa ba. Ya ɗauko sojan haya daga ƙetare, ya bi hakiman nan ɗaya bayan ɗaya yana yi wa ganuwarsu zobe, ya nausa arewa yana ƙone garuruwa har bakin iyaka. Hatimin da ya buga, ashe lokaci yake saye da shi.

'Yan ajinmu suna kwafa a littafi. Ni alƙalamina ya tsaya, tawada ta ɗiga ta yi tafki a shafi.

A ranar na rubuta maka wasiƙa. Amma dokar makaranta, duk wasiƙar da za ta fita sai malama ta karanta. Na tsaya a ƙofarta sau uku, kunya ta maido ni. Me zan ce mata? Na ɗauki darasinta na kai ƙauye na hura wuta da shi? Na cusa wasiƙar cikin littafin soyayyar da nake karantawa, ina cewa gobe. Na yi ta lallashin kaina cewa ai wannan Ingila ce, kuma shekaru aru-aru, me ya haɗa ta da tafkinmu. Kwana goma sha ɗaya ta yi a can. Da na daure na miƙa, ta bi jirgin ƙasa zuwa Nguru, ta bi mota zuwa Gashuwa, ta jira ranar kasuwa. Ta iso gida kwana biyu bayan ka tsallaka iyaka. Inna ta ajiye ta cikin kwalla, har yau ba a buɗe ba, tana cewa taka ce.

Yagana ce ta ba ni labarin yadda aka yi. Ta ce kun tare hakimi a fadama, bulamai bakwai da jama'arsu, ba wanda ya ɗaga sanda. Ya sa aka karanta masa, ya yi murmushi, ya yaba rubutun, har ya tambayi hannun wane ne. Ya buga hatimi. Mata suka yi guɗa. Ta ce ka dawo gida kana kiran sunana, wai ina ma ina nan.

Sai ranar buɗe tafki ta zo, kuka tarar da mutanen tsallake tsamo-tsamo cikin ruwa da komayensu, ashe hakimi ya riga ya ba su izini. Aka kaure. Mutum ɗaya nasu bai fito da rai ba. Ban san sandar wa ta same shi ba, ban tambaya ba, ba kuma zan tambaye ka ba. Amma sunanka kaɗai aka kira a kan kisan. Bulamai shida suka rantse ba su san abin da ke cikin takardar ba, tunda da boko aka rubuta. Baba kuma aka warware masa rawani a ƙofar hakimi, a gaban jama'a, ba alƙali ba shari'a. Sharaɗi na uku ke nan, mai jan layi.

Yanzu Baba yana wuni a zaure yana tufka igiyar kaba. In ya gama sai ya warware ya sake. Bai taɓa ce mini komai ba. Na fi son ya zage ni. 'Yarka ta fara tafiya, tana kiran Kawu da Baba. Komarka tana nan rataye a jikin goruba inda ka bar ta, rana ta cinye zaren, ba wanda ya iya sauke ta.

Littattafan nan na mayar wa malama duka. Na gwada karanta ɗaya da damina, na kai inda mahayin ya bayyana a kan tudu, sai na rufe shi.

Wannan karon na je na tambayi malama ƙarshen labarin har ƙarshensa, ban bar ƙararrawa ta raba mu ba. Ta ce takardar nan ba ta yi rai ba sai bayan sarkin ya mutu, aka naɗa ɗansa. Hakiman da suka kai wannan rana, waɗanda suka tsaya nesa da hannunsa ne. Ni ba zan roƙi mutuwar kowa ba, Allah ya kiyaye bakina. Na dai faɗa maka yadda aka faɗa mini, ban ƙara gishiri ba.

Yayana, babu abin da nake so a duniyar nan kamar in ji tarinka a bayan danga, ka ce Falmata kawo ruwa. Kullum in jirgi ya yi kuka a tasha sai na fita ƙofar Gwaggo, alhali na san ba ta nan za ka ɓullo ba. Amma hatimin da ke kan takardar da aka aiko maka, shi ne dai wanda aka buga a kan tawa. Hannun da ya buga shi ma shi ne.

Kada ka dawo.

Ko an ce Inna ce ke kira, ko an ce Baba ba shi da lafiya, ko an rantse maka da Alƙur'ani, kada ka dawo. In wannan ta fita, Inna za ta san ni na hana ɗanta zuwa, Yagana za ta san ni na fara kore shi. Na yarda. Gara su daina yi mini magana kana da rai.

Allah ya sa wannan ta riga waccan isa. Allah ya tsare ka a ƙasar da ba ka da kowa, ya haɗa ka da mai ba ka ruwa in ka yi zazzaɓi. Allah ya ji ƙan mutumin da ya mutu a tafki, ya ba 'ya'yansa haƙuri. Ni kuma, in ka iya, ka yafe mini. In ba ka iya ba, ka riƙe fushinka a can, ka zauna da shi lafiya.

Wassalam.

Ƙanwarka da ta ba ka rabin labari,
Falmata