Ɗan Tsamin Inna a Injin Baba

Daren Laraba, Agusta 2000

Kwana uku injin jirgin ruwan Baba yana zafi, datti ya daskare a hanyar ruwan da ke sanyaya shi. Da ƙyar na iya cewa malaminmu ya ce tsami na narkar da irinsa.

Baba ya yi dariya. "To malama, ɗauko ɗan tsamin zoɓon Innarki."

Muka jiƙa, muka ɗura, dattin ya fito. Ashe shi ya liƙe wata tsohuwar huda. Yanzu ruwa na tsiyaya cikin injin.

Gobe kasuwar Shinkafi, Baba ba zai ƙetarar da kowa gulbi ba. Bai yi mini faɗa ba. "Ci tuwonki, ɗiyata," ya ce. Shi bai taɓa nasa ba.