Falwayar da Ta Kwanta a Gonar Baba

Kamphala, Lahadi

Yaya Tisungane,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da wanda ke ciki. An ce kin yi nauyin da ko takalmi sai an sa miki. Allah ya sauke ki lafiya.

Na ba Sakala direba wannan takarda ne saboda maganar ba ta salula ba ce. Kin san sai an hau shurin bayan shaguna ake samun ki, kuma duk wanda ya hau, rabin gari na sauraronsa.

Baba ya sa wa karan masara wuta don ya fito da ɓerayen gona, kamar yadda yake yi kowace shekara. Iska ta juya, wuta ta kama gindin falwayar da ke bakin gonarmu, ta ci ta har ta kwanta a kan bishiyar mangwaro. Wayoyin ba su tsinke ba, amma sun sauko daidai ƙirjin mutum, a kan hanyar da mata ke bi zuwa rijiya. Ɓeraye kuwa ko na miya ɗaya bai samu ba.

Mai gari ya tara mu ya ce kada kowa ya kai wa kamfanin lantarki labari. Ya ce in suka zo, wanda ya sa wutar za su fara tambaya, kuma ƙona falwaya gidan yari ne. Baba ya yini a gindin mangwaron yana korar yara da awaki. Kada ki damu, mun san yadda za mu yi.

Ƙanenki,
Limbikani

Chipata, Talata

Limbi,

Na amsa gaisuwa, ina gaida Baba da kowa.

Kada in damu? Ka rubuto mini cewa mutuwa na rataye a hanyar rijiya, sannan ka ce kada in damu? Kai tun kana yaro haka kake, gida na ci kana ba da labarin dariya. Tun da na karanta takardarka ban iya taka keken ɗinki ba.

Wayar nan ba sai an kama ta take kashewa ba. A unguwarmu bara wata ta faɗo bayan ruwan sama, wata mai sayar da tumatir ta taka ƙasar da ke kusa da ita kawai, aka ɗauke ta a zane. Mata na wucewa ƙarƙashin taku da bokitin ruwa a ka. Ka yi tunanin wannan. Ku toshe hanyar da ƙaya, a zaga ta bayan coci ko da nisa. Kada kowa ya matsa kusa, har Baba.

Ni dai zan je ofishin kamfani. Ba zan ambaci suna ba, zan ce falwaya ta faɗi, shi ke nan. Da ungozoma ba ta hana ni hawa mota a wannan hanyar taku ba, da ni za ka gani maimakon takarda.

Yayarki da ba ta barci,
Tisungane

Kamphala, Laraba

Yaya,

Barka da ɗawainiya. Faɗanki ya iso lafiya, Sakala bai zubar da ko kaɗan a hanya ba.

Don Allah kada ki je. Kina tsammanin in suka zo suka ga gona baƙi ƙirin har gindin falwaya za su tambayi gonar wa ce? Sunan Baba a rubuce yake a tokar. Mutum mai shekarunsa, da wannan tari, ba zai fito daga gidan yari da ƙafafunsa ba.

Ƙayar mun sa. Da yamma aka janye ta. Matar Zgambo ta ce, "In zaga bayan coci da goyo da bokiti? Ku da kuka sa ƙayar ku zo ku ɗebo mini." Yanzu sunkuyawa suke yi su wuce.

Ga abin da aka yanke. Ranar Asabar za mu kafa sabon itace, mu ɗaga wayoyin da gwafa mu ɗora. Ai da rana ba wutar lantarki, ke ma kin sani. Kuma muna da mai gadi: injin niƙan Mvula da ke hayin rafi. Da zarar an kawo wuta yake tayar da shi, don layin mata masu niƙa ba ya ƙarewa, kuma har gona muna jin kukansa. In inji ya yi shiru, waya ta mutu. Kamfani na iya canza lokaci, amma injin Mvula bai taɓa yi mana ƙarya ba.

Baba ya ce in rubuta miki nasa a ƙasa, ga shi kamar yadda ya faɗa.

'Yata, ina gaishe ki, ina gaida surukina. Na ji kina son kai ƙara. Ban hana ki don tsoron ɗauri ba. Abin da nake tsoro shi ne a ce jikana ya zo duniya kakansa na tsare kamar ɓarawo. Ni na kwantar da itacen nan, ni zan tayar da shi. Ba ɗan kowa da zai riƙe gwafar sai ni. Ki kula da kanki, ki ci abinci. Mahaifinki, Yohane Tembo.

Sai na ji daga gare ki,
Limbikani

Chipata, Juma'a

Limbi,

Ina gaisuwa. Na je.

Na zauna a benci har layi ya zo kaina. Matar da ke tebur ta ce, "Mama, a wane gari? Me ya kayar da ita?" Na buɗe baki, sai na ga Baba a zuciyata yana tari a kan siminti. Na ce mata na manta wani abu a gida. Ta ce, "Da wannan cikin, ki dai dawo kafin ki haihu mana a nan." Kowa ya yi dariya, ni kuma na fita ina kuka a titi kamar yarinya.

Kun ɗaure ni, kai da shi. In na yi magana na kai ubana kurkuku, in na yi shiru ban san wa na kashe ba. Ina roƙonku da girman Allah ku fasa aikin gobe. Ku ba ni zuwa Litinin. Maigidana ya san wani a cocinsu da ke aiki a kamfanin, wataƙila ya san hanyar da za a kashe layin ba tare da an kama kowa ba. Ka karanta wa Baba wannan sau biyu, ka ce masa jikan nasa ya fi son kaka a kurkuku da kaka a kabari.

Tisungane

Chipata, Asabar da safe

Limbi, KADA KU TAƁA WAYAR.

Yanzu na ga Mvula da idona a kasuwa, ya zo sayen bel. Na injin ya tsinke jiya da yamma, ya taho tun asuba. Injin ba zai yi kuka ba yau ko da wuta. Kuma akwai wuta. Sun faɗa a rediyo ba za a ɗauke ba duk yankinmu saboda wasan ƙwallo. Ga ƙwan lantarkin shagona yana ci ina kallonsa.

Na kira ka, na kira mai gari, na kira Zgambo, ba wanda ke kan shuri. Maigidana ya ruga ofishin kamfani, na ce ya faɗi komai, har sunan Baba, su dai kashe. Wannan ɗan acaban na ce masa kada ya tsaya ko'ina. Ka riƙe Baba, ko da ƙarfi ne.

Katete, Litinin

Yaya,

Ina gaishe ki daga asibiti.

Ɗan acabanki ya iso yana ihu tun daga rafi. Samari suka saki igiyar tayar da itacen suka ja da baya, shi ya sa ba mu rasa kowa ba. Amma Baba ba ya ji sosai, kin sani, kuma ya riga ya ɗaga gwafar. Ɗanya ce, a safiyar muka sare ta, lantarki ya bi ta ya ja shi.

Yana da rai. Mutanen kamfani sun zo bayan sun kashe layin, shi da kansa ya gaya musu shi ya sa wutar. Sun rubuta, ba su ce komai ba tukuna. Likita ya ce hannun dama ba zai tsira ba, na hagu kuma yatsu biyu za su rage. Ni na ce masa inji ba ya ƙarya, Yaya. Ni na faɗa.

Ya ce kada ki zo, ki zauna ki haihu. Abu ɗaya ya roƙa. In kin samu ƙarfin taka keke, ki ɗinko masa riga wadda ba ta da maɓalli.

Ƙanenki,
Limbikani