Farin Tabo a Ƙasan Leɓe

Zuwa ga aminina Jaɓɓi,

Assalamu alaikum. Na san takardar ga ba mai kai maka ita, kuma da kana raye sai ka yi dariyar karkataccen ajamina. Amma maganar ta yi min nauyi, kai kaɗai zan iya fara faɗa wa.

Tun shekarar da ruwa ya cinye fadama har anka rasa irin albasa, shekarar da munka kai ka makwancinka, abubuwa sun sauya a Dandin Mahe. Gero ya yi kyau bana. Ɗiyarka Hajo ta haihu, namiji, an sa mai sunanka.

An kafa kwamitin lafiya a gari. Duk ran kasuwa ana aje benci gindin darbejiya, ana auna hawan jini da suga. Mata sun rage gishiri a miya, har ina yi wa uwargidana Inno ƙorafi. Sannan anka taso kan taba. Liman ya yi huɗuba, mai shayi ya hana a kunna sigari a teburinsa, masu tireda sun daina sayar wa yara. Ka san wa anka ɗora kan korar samari masu busa hayaƙi? Ni. Da sandata nike bin su har bayan makaranta, alhali garin taba na cushe a ƙasan leɓena. Ban ga laifi ba. Ba haka munka taso ba? Mai kisa ita ce ta hayaƙi, tamu ta gari da kanwa maganin haƙori ce. Haka na yi ta faɗi, kuma ka san ni da gardama.

Kasuwar da ta wuce na zauna bencin nan, don kawai a bar damuna. Ma'aikaciyar lafiya, Malama Saratu, ta auna jinina ta ce da sauƙi. Sai ta lura da haƙorana, ta lallashe ni in buɗe baki. Ta haska da fitilar waya, ta daɗe tana kallo. Akwai farin tabo daidai inda nike aje tabar. Ba ta ce ciwon daji ne ba, amma ta ce irinsa ba a jira da shi, in tafi asibiti Boɗinga a duba, in ta kama su tura ni Sakkwato. Ta ce tabar baki da ta hayaƙi uwa ɗaya uba ɗaya.

Jaɓɓi, ba nan naka ya fara ba? Ba farin tabo ne ba, munka ce zafi ne, kana ƙara mai garin taba don ya mutu? Ni ka riƙe da tarihin garin ga, wa ya haifi wa, iyakar gonar wa ta tsaya ina. Sai na zauna na tuno 'yan majalisarmu masu battar taba: Nomau da haɗiya ta gagara, Arzika da muƙamuƙinsa ya kumbura, sai kai. Duk na san wannan, amma ban taɓa jera ku wuri ɗaya ba sai yanzu.

Akwai abin da ban faɗa maka ba. Ranar da na ga fura ta ƙi wuce maka, tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Na yi ta barkwanci don kar ka gane. Ka gane?

Tun ran kasuwar ban sa taba ba. Baki na ƙaiƙayi, ina faɗa da kowa, Inno na haƙuri. Ban ce na daina ba, kar ka yi min shaidar da ban kai ba. Ajali na Allah ne, amma ko Liman ya ce neman magani ba rashin tawakkali ne ba.

Gobe in na sallame asuba zan shiga motar farko zuwa Boɗinga. In sun ce in buɗe baki, in buɗe, in yi shiru su yi magana. In na dawo, ko mi sunka gani, a majalisa zan faɗe shi, masu batta na ji.

Allah shi kai haske kabarinka.

Amininka mai taurin kai,
Magaji