Sunana a Bakinki, Cikin Larabci

Zuwa ga Bahijja, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, uwar Khaula, kuma tun makon jiya ɗalibar jami'a! Gaisuwa daga Fulatan, daga tsakiyar cirar gyaɗa, zuwa ɗakinki a Unguwar Hajji. Ya gida, ya Khaula, ya sabon karatu?

Kin tuna ranar da muka yi miki rajistar kwas ɗin Larabcin nan da ake yi ta waya? Sabis ya ƙi shiga ɗaki, sai da na taka turmi na ɗaga waya sama, ke kina ƙasa kina ta dariya har kika manta kalmar sirrin da kika zaɓa da kanki. Da shafin ya buɗe na ga sunanki da hotonki, wallahi ko sarauta aka naɗa ni ba zan fi haka kumbura ba. Ranar ko tuwo ban iya ci sosai ba.

Shekaranjiya ina gona saƙon murya ya shigo. Ashe aikin farko ne da malamarku ta bayar, kowa ya gabatar da kansa da iyalinsa da Larabci, ke kuma garin tura wa aji hannunki ya kuskure kika turo mini. Kin goge da sauri, amma kin makara, zumata! Na riga na ji. Tun aurenmu ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Malam kike ce mini, a gaban mutane kuma Abban Khaula. Haka iyayenmu suka yi, ban taɓa ganin aibunsa ba. Sai ga muryarki, mai laushi kamar iskar da ke gaban ruwan farko, tana cewa sunan mijinta Abdulhadi. Kin fitar da harafin ainun nan na farkon sunan daga maƙogwaro tsaf, yadda ko limaminmu zai gyaɗa kai! Fartanya ta faɗi daga hannuna. Na zauna a gindin ɗorawa ina murmushi ni kaɗai, har masu tsinkar gyaɗa suka fara tambayar ko lafiya.

To, mene ne kuma wannan da kika aiko daga baya, wai kin fasa karatun, ba za ki iya ambaton mijinki a kunnen baƙi ba? Haba, Bahijja! Ke da kika yi shekaru kina mafarkin tsayawa gaban ɗalibai a matsayin malama? A ƙofar farko za ki juya, kuma saboda ni? Wannan nauyin ba zan iya ɗauka ba. Kunyarki ado ce, ina son ta kamar yadda nake son wushiryarki, amma ban yarda ta raba ki da aji ba. Ni ne mai sunan, kuma na ba ki shi halak malak. A gida ki ci gaba da Malam ɗinki. A aji ki faɗe shi da ƙarfi, 'yan ajinku na Legas da na Maiduguri su san matar wa ta fi su iya Larabci.

Juma'a za a rufe karɓar aikin. Ki sake ɗauka, hasken gidana, ki tura wa malama. In kuma hannunki ya sake kuskurewa, ba zan yi ƙorafi ba.

Naki ke kaɗai har ƙasa ta rufe mini ido, mijinki da yanzu ya tabbata kin san sunansa,

Abdulhadi